Ramin Dukhan da Mai Juna Biyu

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Mayo, a kudancin birnin Hartum, tsakanin la'asar sakaliya da isha'i, ya san wani ƙamshi da ke tsallako katangun gidajenmu. Ba na turaren wuta ba ne, ba kuma hayaƙin murhu ba. Ƙamshin itacen talha ne, wanda kakanninmu suka sani da sunan dushe, yana cin wuta sannu a hankali cikin wani ɗan rami a kusurwar gida. A bisa ramin akwai tabarma mai huda a tsakiya, a bisa tabarmar kuwa mace ce zaune, ta shafe jikinta da mai, ta lulluɓa da bargon gashi mai kauri da ake kira shamla, ba abin da ke waje sai kanta. Wannan shi ne dukhan. Ba baƙo ba ne ga 'yan'uwanmu masu karatu na Maradi da Damagaram da Kano, domin ya daɗe da shiga ɗakunan masu gyaran amare a can, shi da dilka da halawa da humra.

Mu ma a nan muka tarar da shi. Kakanninmu sun iso wannan ƙasa a ƙafa da bisa jakuna, a kan hanyarsu ta zuwa Makka ko ta dawowa. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu aikin auduga na Jazira, da aka buɗe a 1925, shi ya zaunar da su. Jikokinsu ne suka gangaro birni, da yawansu suka yi gida a Mayo, unguwar da ta samo sunanta daga juyin mulkin da Ja'afar Numeiri ya yi a watan Mayu na 1969. A tsawon wannan zama mun riƙe harshenmu da tuwonmu, mun kuma karɓi kisira da lafaya da ramin dukhan daga maƙwabta, har suka zama namu.

Abin da mace ke nema a bisa ramin ba ɓoyayye ba ne. Hayaƙin yana rina fata ta koma wani launi tsakanin ja da rawaya, yana sa ta laushi, yana barin ƙamshin da ke kwana da kwanaki a jiki da tufafi. Tsofaffi kuma suna yabonsa wajen ciwon gaɓoɓi da gajiya. Budurwa ba ta zama a kansa. Amarya ce ke fara shi makonni kafin biki, daga nan ya zama alamar matar aure mai kula da kanta da ɗakinta. Shi ya sa tambayar da muke son dubawa a wannan shafi ba ƙarama ba ce a gidajenmu: in ciki ya shiga, a ci gaba da zama ko a dakata?

Abin da ya tayar mana da zancen daga nesa ya zo. Wata 'yarmu da ke aure a Ingila ta ba mu labarin wata abokiyar aikinta Baturiya, mai cikin wata uku, da ta je tana tambayar ungozoma ko za ta iya ci gaba da kwanciya a gadon rana. Sai da ta yi mana bayani muka gane. Wani akwati ne mai tsawon mutum, an jera fitilu a cikinsa sama da ƙasa. Mutum ya biya kuɗi, ya tuɓe, ya kwanta, a rufe shi na wasu mintoci, fitilun su gasa masa fata har ta yi duhu kamar wanda ya wuni a gona. Muka yi dariya har da riƙe ciki. A Hartum, inda zafin watan Mayu da Yuni ke wuce digiri 40 kusan kullum, inda inuwa ta fi kujera daraja, a ce wani na sayen rana da kuɗinsa!

Wata gwaggonmu ce ba ta yi dariyar ba. Ta bari sai da muka lafa, sannan ta dubi 'yar ɗan'uwanta, wadda ke da ƙaramin ciki kuma ta tashi daga kan rami a daren jiya, ta ce: "Ke 'yar nan, ita ta shiga akwati don launi, ke kin hau rami don launi. Ita wuta, ke wuta. Me kika fi ta da shi, in ba ƙamshi ba?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce: "Gwaggo, ai namu na gado ne. Ke ma kin yi." Gwaggo ta ce: "Na yi. Wannan ba amsa ba ce."

Tun daga ranar muke juya maganar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haɗari ma haka yake. Wanda ka saba da shi tun kana goye ba ya yi maka kama da haɗari.

Bari mu fara da na Turawan, tunda shi ya fi sauƙin gani. Fitilun gadon suna fitar da wani haske da ido ba ya kamawa, irin wanda ke cikin rana yana ƙona fata. A shekarar 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa waɗannan na'urori a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, rukuni ɗaya da taba sigari. A wannan shekarar ƙasar Birazil ta hana amfani da su don kwalliya, Ostireliya ta rufe shagunansu daga 2015, Faransa da Ingila kuma sun haramta su ga wanda bai kai shekara 18 ba. Game da mai ciki, hasken ba ya ratsa fata da tsoka har ya isa ga ɗan tayi. Abin da likitoci ke gudu shi ne zafin da ke taruwa a jikin uwar, da baƙin tabon da ke fitowa a kumatu da goshin masu ciki, wanda maƙwabtanmu ke kira kalaf, wanda kuma hasken ke ƙara masa duhu. Akwai kuma binciken da ya nuna irin wannan haske na iya rage sinadarin folet a jini, alhali ɗan tayi na matuƙar buƙatarsa a makonnin farko. Don haka shawarar da aka ba Baturiyar ita ce ta haƙura.

Dukhan ba shi da wannan haske, kuma ba za mu ɗora masa laifin da ba nasa ba. Amma yana da zafin, har ya fi, yana kuma da abin da gadon rana ba shi da shi, wato hayaƙi.

Zafin shi ne babba. A cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, wani siririn bututu ke naɗewa ya rufe a jikin ɗan tayi, daga gare shi ne ƙwaƙwalwa da laka ke samuwa. In bai rufe daidai ba, sai a haifi jariri da buɗaɗɗen baya, ko da kan da bai cika ba. Daga cikin abubuwan da aka gano suna ƙara yiwuwar haka akwai hauhawar zafin cikin jikin uwa zuwa digiri 39 ko sama, ko ta dalilin zazzaɓi, ko ta dalilin daɗewa cikin ruwan zafi ko ɗakin gumi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992, wanda ya bibiyi mata fiye da 23,000, ya sami cewa waɗanda suka gamu da irin wannan zafi a farkon ciki, haɗarin ya ninka a wurinsu. To mai zama a kan rami fa? Bargon gashi ne a jikinta tun daga wuya har ƙasa, garwashi a ƙarƙashinta, mai a fatarta, ga iskar Hartum wadda ko da dare ba ta cika yin sanyi ba. Zufa na zuba amma ba ta samun hanyar bushewa, alhali bushewar zufa ita ce hanyar da jiki ke sauke zafi. Kuma a al'adarmu, gwargwadon daɗewarki a zaune, gwargwadon yabon da za ki sha. Mun san masu yin awa guda, mun san masu wucewa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lokacin. Waɗannan kwana 28 sukan ƙare kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Wata ma ba ta gama lissafin ɓatan watanta ba. Amarya kuwa, wadda ta fi kowa yawan hawa rami, ita ce ta fi kowa kusa da ɗaukar ciki. Ashe tambayar ba ta mai babban ciki kaɗai ba ce, ta duk macen da ke sa rai ce.

A nan ne ake kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a tsakar gida: uwata ta yi, kakata ta yi, ta haifi goma ba wanda ya zo da naƙasa. Ba mu ƙaryata kowa ba. Amma a zauna a yi lissafi irin na kasuwa. Wannan naƙasa takan sami jariri 1 ko 2 cikin kowace haihuwa 1,000. A ɗauka 2 ne, a ɗauka zafi ya ninka shi ya zama 4. Ke nan cikin mata 1,000 da suka zauna a kan rami da ƙaramin ciki, 996 za su haihu lafiya, kuma kowace a cikinsu za ta iya dafa ƙirji ta ce, "Na yi, ban ga komai ba." Gaskiya ta faɗa. Huɗun da abin ya sama kuwa ba su zama a taron suna suna ba da labari. Wata jaririn bai kwana ba, an binne shi da asuba, an ce mata sai haƙuri, ba wanda ya haɗa abin da ramin da ke bayan ɗaki. Idon mutum ɗaya, ko na zuriya ɗaya, ba ya iya ganin bambanci tsakanin 2 da 4 cikin 1,000. Sai an tara dubban mata an ƙirga. Shi ya sa shaidar kaka, duk da girmanta a wurinmu, ba ta isa ta yanke wannan hukunci ba, kamar yadda shaidar Baturiyar da ta yi shekara goma tana shiga akwati ba ta ga daji ba, ba ta isa ta wanke akwatin ba.

Lissafin nan yana da fuska ta biyu, kuma wajibi ne a faɗe ta. Wadda ta riga ta zauna kafin ta san tana da ciki, kada ta hana kanta barci. Alƙaluman da suka ce a dakata, su ne kuma suka ce mafi rinjaye, da rata mai nisa, ɗanta lafiya yake. Abin da ke gabanta shi ne ta daina daga yau, ta gaya wa ungozoma ko likita ba tare da jin kunya ba, ta nemi hoton ciki a wajen wata na biyar in da hali. Mun ga yarinyar da surukarta ta tsorata ta da wannan zance har ta kasa cin abinci mako guda, wannan ma cuta ce.

In cikin ya girma, haɗarin yakan sauya kama. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciyarta na aikin mutum biyu. Zafi na buɗe jijiyoyin fata, jini ya gangara can, ƙarfin bugunsa ya sauka, sai jiri, sai duhun ido, wani lokaci sai suma. Suma a kan katifa wani abu ne, suma a kan garwashi cikin bargo, a kusurwar da aka keɓe don kada kowa ya gani, wani abu ne daban. Ga ƙishirwa, domin zufar awa guda ruwa ne mai yawa, kuma ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar da ciwon mara kafin lokaci.

Sai hayaƙin. Itacen da ke ci ba tare da harshen wuta ba, wanda shi ake so a dukhan, ya fi kowane fitar da wata iska marar launi marar wari da ake kira kabon monoksaid. Tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, ta hana shi ɗaukar abin da jiki ke buƙata. Tana ratsa mahaifa, kuma jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe ta da jinkirin sakinta. Uwa na iya tashi da ɗan ciwon kai kawai, alhali na cikinta ya fi ta shan wuya. Ƙamshin talha ko na shaf ba ya canza wannan. Hanci ne ke jin daɗi, huhu bai san bambancin itace mai tsada da kara ba. A gidajen da, ramin a fili yake, iska na kwashe rabi. Yanzu da gidaje suka matse, da yawa sun koma tukunya ko bokitin ƙarfe a cikin banɗaki ko ɗaki a rufe, saboda sutura da gudun damun maƙwabta. Wannan sauyi shi kaɗai ya isa ya sa a ce dukhan ɗin jika ba shi ne na kaka ba.

To in haka ne, me ya sa mace mai hankali, mai son abin da ke cikinta fiye da ranta, za ta ci gaba? Wanda bai amsa wannan ba bai fahimci komai ba. Ma'auni kwano biyu gare shi, likita kuwa ɗaya kawai yake gani. A ɗaya kwanon akwai abubuwan da ba a rubutawa a katin awo. Akwai fatar da ciki ya dusashe, da jikin da ya sauya, da tsoron kada maigida ya fara kallon waje. Akwai kishiya da ƙamshinta ke tashi daga ɗaya ɓangaren gidan. Akwai dangin miji da za su shigo su shinshina ɗaki su fita da magana. Akwai kuma, kada mu manta, awa guda ɗin nan da ita kaɗai ce mace ke da ita a yini, ba yaro a bayanta, ba tukunya a gabanta, ba mai kiran sunanta. Haɗarin 2 cikin 1,000 abu ne na nesa, ba shi da fuska. Gorin uwar miji kuwa gobe da safe zai iso, da fuskarsa da muryarsa. Ba wauta ba ce mace ta fi jin tsoron na kusa.

Shi ya sa muke ganin kuskure ne a bar wa mai ciki wannan hukunci ita kaɗai, a kira shi zaɓinta. Wanda ake yi wa ƙamshin yana da baki a ciki. Kalma ɗaya daga maigida, ya ce, "Ki bar shi har ki sauka, ni ban ga abin da ya rage ki da shi ba," ta fi takardar likita goma nauyi. Mun san gidan da haka ta faru, kuma mun san gidan da maigidan ne da kansa ke sayo ɗaurin talha daga kasuwa ya ajiye a ƙofar ɗaki ba tare da ya ce komai ba, matar kuwa ta fahimci saƙon. Maza da yawa ba su taɓa sanin akwai abin tambaya a nan ba, domin zance ne na mata, ana yin sa da murya ƙasa-ƙasa. Ga shi mun ɗaga muryar, ya ku iyayen gida.

Akwai masu rufe zancen da cewa abin da aka rubuta ba makawa, kuma mai tsarewa na tsarewa. Ba mu da ja a kan haka. Sai dai mun lura cewa mai faɗin hakan ita ce ke rufe bakin randa, ita ce ke ɗauke wuƙa daga gaban mai rarrafe, ita ce ba ta barin yaro ya matsi murhu. Ba ta taɓa ganin wannan ya saɓa wa dogaronta ba. A kan abin da rai ke so ne kawai muke tuna ƙaddara da wuri.

Amma kada dukhan ya cika mana ido har mu manta da abin da ya fi shi. In za a jera abubuwan da ke barazana ga mai ciki a Mayo bisa girmansu, ramin ba shi ne a gaba ba, ko kusa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi shi: yana ɗaga zafin jiki sama da yadda kowane bargo zai yi, na kwanaki ba na awa ba, yana cinye jini, yana zubar da ciki. Ƙarancin jini ya fi shi. Hawan jinin ciki da ba a auna ba har ya kai ga jijjiga ya fi shi. Hayaƙin girki ma ya fi shi, domin dukhan na wasu ranaku ne, murhu kuwa sau uku ne a yini; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma yana cikin dalilan haihuwar jarirai marasa nauyi. Sai mayukan bilicin da ake sayarwa a awo, cokali-cokali, ba suna ba takarda, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin makyuri mai ratsa mahaifa ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Mace na iya barin rami don tsoro, ta koma shafa wannan safe da dare, tana ganin ta tsira.

Akwai kuma abu mai arha da ya fi duk wannan muhawara amfani, wanda ba mu cika jin ana zancensa a taron biki ba. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a kullum, tun kafin ɗaukar ciki har ƙarshen wata na uku, tana rage yiwuwar naƙasar bayan nan da muka ambata ƙwarai. Babban gwajin da aka wallafa a Ingila a 1991, kan matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jariri, ya nuna raguwar kusan kashi 70 cikin 100. Muna haɗa wa amarya talha da sandal da humra da dilka na kuɗi masu yawa. Da za a sa kwalbar wannan ƙwaya a cikin kayan, da ba ta kai kuɗin ɗauri guda na itace ba.

Duk wannan lissafi ya ƙara nauyi tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum. Mayo ta sha wuta, kasuwanninta sun ga gawawwaki, da yawanmu mun watse zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala, wasu Masar, wasu Chadi, wasu har ƙasar kakanni da ba su taɓa gani ba. Asibitoci da dama sun rufe. Na Basha'ir na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da karɓar mutane a kudancin birnin a 2023 da 2024. Bayan sojoji sun sake karɓe birnin a watan Maris na 2025 wasu sun fara komawa gidajensu. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Mata da yawa a waɗancan shekaru ko sau ɗaya ba su samu ba. Wannan ƙasa ce da aka buɗe makarantar ungozomomi a Umdurman tun 1921, amma ga jikokin ɗalibanta suna haihuwa a hasken wayar hannu.

Wani zai ce, wanda ya kwana ƙarƙashin ruwan bama-bamai, da wane baki za a yi masa zancen hayaƙin itace? Mun ji wannan daga bakin wata ƙanwarmu, kuma mun fahimce ta. A sansanin gudun hijira, abu na farko da wasu mata suka yi bayan sun kafa rumfa shi ne haƙa ɗan rami, domin ƙamshin talha shi ne abin da ya rage musu na gida. Ba za mu iya ganin laifinsu ba. Sai dai lissafin a wurinmu juyawa yake yi. Lokacin da asibiti ke kusa, wadda ta suma ko ta ƙone ko naƙuda ta taso mata kafin lokaci tana da inda za a kai ta cikin rabin awa. Inda babu wannan, ƙaramin tsautsayi ne ke zama babba. Bam ba a hannunta yake ba, sauro rabi-rabi, ramin kuwa gaba ɗayansa a hannunta yake, kuma barinsa na wata tara ba ya cin ko sisi.

Abin da muka tsaya a kai a gidanmu, bayan doguwar ja-in-ja, shi ne wannan. Mai sa ran ciki da mai ciki su bar zama a kan rami har su sauka. Ƙamshin bai haramta gare su ba: a turara tufafi da zanen gado a waje, a shanya su sha iska, sannan a shigo da su, a yi dilka da hannu, a shafa humra. Launin zai jira. Wadda ta ce ba za ta iya bari ɗungum ba, mun fi son ta faɗa mana gaskiya a kan ta ɓoye: kada ta kusance shi a wata ukun farko, kada ta yi a ɗaki rufe, kada ta yi ita kaɗai, kada ta yi da zazzaɓi ko da rana tsaka, ruwa na gefenta, mintoci kaɗan, kuma da jin jiri ko bugun zuciya ta tashi. Wannan ragi ne, ba izini ba, kuma mun gaya mata haka.

Saura bayan haihuwa, inda al'adu biyu ke haɗuwa a kan mace ɗaya. Maƙwabtanmu na mayar da mai jego kan rami, mu kuma mun zo da namu daga yamma: wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana arba'in, da kunun kanwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin daruruwan matan da ke zuwa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi bayan haihuwa. Sun sami cewa ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a ƙasar Zazzau fiye da yadda aka saba gani a wasu wurare, ya fi tsananta a watannin zafi, suka kuma danganta shi da gishirin kanwa da ke tara ruwa a jiki haɗe da zafin da ake ɗora wa zuciyar da ba ta gama hutawa ba. A wasu gidajen Mayo mai jego na shan duka biyun, wankan kakarta ta wajen uba da ramin kakarta ta wajen uwa, kowace tsohuwa na tsaye a kan nata. Wadda ƙafafunta suka kumbura, ko take kasa kwanciya sai a jingine, ko tari ke tashinta da dare, ba ƙarin zafi take buƙata ba, a kai ta a duba zuciyarta a ranar. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki kuwa, ramin ya jira har ungozoma ta duba ta ce wurin ya warke.